Mafici da Zugazugi: Yadda Gwani Ke Zaɓar Fankar Lagireton Kwamfuta a Magarya

A watan Afrilu, idan rana ta take a Magarya, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a inuwa, cikin shago mai rufin kwano kuwa abin ya wuce haka. A irin wannan rana na wuni a shagon wani matashi mai gyaran kwamfuta, ina kallonsa yana zaɓar fanka. 'Yar ƙaramar fanka ce, ba ta fi murfin tukunyar miya faɗi ba, amma tun hantsi har la'asar yana kanta, kuma ban ga motsi ɗaya da ya yi ba tare da dalili ba.

Kwamfutar da yake wa aiki ta wani mai ɗaukar bidiyo ce daga Dungas, irin samarin nan da ba a biki ko suna ko taron wa'azi ko kokowa sai ka hango su da kyamara a kafaɗa. Ɗaukar hoton ba ta wahalar da na'ura. Haɗa shi ne jan aiki: a yanka, a jera, a ɗora sauti, a fitar da fim na awa biyu. A lokacin ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan guntun nan mai faɗin akwatin ashana da ke yin duk lissafin, take ɗaukar zafi. Manyan na yanzu suna shan wuta ba kaɗan ba. Core i9-13900K na kamfanin Intel yakan kai wat 253 idan aiki ya tsananta, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. Ka tuna tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda ba a kuskura a taɓa shi yana kunne, sannan ka tara zafin guda huɗu a bisa akwatin ashana. Idan zafin ya kai digiri 100 a na Intel, ko 95 a Ryzen 7000 na kamfanin AMD, ƙwaƙwalwar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kukan mai bidiyo ke nan: da asuba aiki na tafiya, da azahar sai na'ura ta koma rarrafe.

Tasa irin mai sanyaya da ruwa ce. Wani ɗan faranti na jan ƙarfe ake ɗorawa bisa ƙwaƙwalwar, a shafa wani ƙulli mai ruwan toka a tsakaninsu don su haɗu sosai. A bayan farantin akwai siraran tsagogi da ruwa ke bi, da ɗan famfo mai tura shi. Ruwan ya kwashi zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, ya ratsa siraran bututai da aka saƙa wa ganyayyakin alminiyam a tsakani, ya bar zafinsa a jikinsu, ya dawo ta ɗaya tiyon. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga direba ya buɗe gaban mota yana ɗura ruwa, ya riga ya san rabin labarin. Shi ma matashin a can ya fara, yana yaron shago wurin mai gyaran lagireton mota, kafin ya koma kwamfuta.

Ya ce mini, "Baba, ruwa ɗan aike ne. Ya ɗauko zafi ya kawo bakin ƙofa, aikinsa ya ƙare. Mai fita da shi waje iska ce."

A nan mutanenmu da yawa ke kuskure, domin da mun ji an ce ruwa sai hankalinmu ya tafi ga randa. Randar Mirya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, abin da ya tsattsafo kuma iska ta busar da shi ya tafi da zafi, shi ya sa ruwan randa ke fin ɗaki sanyi. Lagireto a rufe yake ruf. Har abada ruwansa ba zai fi iskar da ke ratsa shi sanyi ba. Masu gwada waɗannan kaya a Turai a ɗaki mai digiri 22 ko 25 suke yi. Shagon da ya kai 42 ya yi asarar tazarar kusan digiri 20 tun ba a kunna komai ba. Fankar da ta wadatar a Jamus tana iya gazawa a Dungas, ba kuma don jabu ba ce.

Bai taɓa kwalin ko fanka ɗaya ba sai da ya gama da lagireton. Ya kwance shi, ya ɗora a tebur, ya jawo ma'auni. Lagireton da ake kira 240 fanka biyu yake ɗauka masu milimita 120, mai 280 biyu masu 140, mai 360 uku masu 120. Wannan kowa na iya karantawa. Sai ya auna kaurinsa, domin yawancinsu tsakanin milimita 27 da 30 suke, amma akwai masu kauri kamar Liquid Freezer II na kamfanin Arctic mai 38, kuma gwargwadon kauri gwargwadon tafiyar da iska za ta yi a matse. Daga nan ya ɗaga shi sama, ya fuskanci hasken ƙofa, ya runtse ido ɗaya. Yana duba yawan hasken da ke ratsowa ne. Ya ɗora ma'auni, ya sa bakin allura yana ƙirga ganyayyaki nawa ne a cikin inci ɗaya. Masu yalwa sukan yi sha biyu ko sha huɗu, masu cunkoso su kai ashirin. Cunkoso yana ba zafi wurin fita da yawa, amma yana tare iska, kuma shi ne ƙura ta fi saurin toshewa.

Fankokin da ya ciro masu kyan gani ne, da fitilu masu sauya launi a kewayensu. Wani ne ya ɗaura su a baya da na asali suka fara ƙara, ya duba faɗi ya ga ya yi daidai, ya ɗaure, ya karɓi kuɗinsa. Matashin ya ajiye su gefe ba tare da ya zagi kowa ba. Cewa ya yi, "Waɗannan mafici ne, Baba. Wurin nan zugazugi yake so."

Wannan magana ita ce ta buɗe mini komai. Mafici na kaba yana kaɗa iska mai yawa a fili, inda ba abin da ya tare ta, ya sanyaya mutum uku a tabarma ɗaya. Amma ka kai shi maƙera ka ce ya hura gawayi ta bakin 'yar ƙaramar kafa, ba abin da zai shiga, iskar za ta watse gefe. Zugazugin maƙeri iskar da yake ɗauka ba ta kai ta mafici ba, sai dai yana matsa ta, ya tilasta mata bin ƙunci har ta isa tsakiyar wuta. Haka fankokin kwamfuta suka kasu. Akwai waɗanda aka ƙera don su kwashe iska mai yawa daga akwati inda hanya ke buɗe, akwai waɗanda aka ƙera don su tura ta cikin matsi.

A jikin kwali lambobi biyu ne ke faɗin wannan. Ta farko yawan iska ce, ana rubuta ta da mita kubik a awa ɗaya, ko da haruffan CFM a ma'aunin Amurka. Ta biyu ƙarfin turi, ana auna shi da milimita na ruwa. Ya zana mini shi a ƙasa da tsinke: ka lanƙwasa siririn tiyo, ka zuba ruwa a ciki, ka sa fanka ta hura ta baki ɗaya. Bambancin tsawon ruwan tsakanin gefe biyun shi ne ƙarfin turinta. Milimita biyu ko uku ne kacal, abin da ido ma da ƙyar yake gani, amma a kansa zancen ya tsaya. Kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya yana da fankoki biyu masu faɗi ɗaya da ke nuna bambancin ƙarara. NF-S12A tana ba da mita kubik 107.5 a awa, turinta kuwa milimita 1.19. NF-F12 tana ba da 93.4, turinta 2.61. Mai gaggawa ya ga babbar lamba sai ya ɗauki ta farko. A gaban lagireto ta biyu ce ke aiki.

Sai ya ƙara mini abin da ban zata ba. Dukan lambobin biyu an samo su ne a yanayin da fanka ba ta taɓa zama cikinsa a bakin aiki. Yawan iska ana auna shi ne lokacin da ba komai a gabanta. Ƙarfin turi ana auna shi ne lokacin da aka toshe gabanta gaba ɗaya, ba iskar da ke wucewa. Lagireto kuwa tsakanin nan yake, bai buɗe duka ba, bai toshe duka ba. Don haka fanka biyu na iya zuwa da lambobi kusan ɗaya a kwali, a ɗora su a lagireto ɗaya ta bar ɗaya nesa. Kamfanonin kirki sukan buga wani lanƙwasasshen layi da ke nuna iskar da ta rage a kowane mataki na matsi, kuma tsakiyar layin nan gwani ke dubawa idan ya samu.

Idan bai samu ba, yana da ido da hannu. Ya ɗauki fanka ya leƙa ta cikinta. Wadda fukafukanta sirara ne, da fili mai yawa a tsakaninsu har kana hango bango, mafici ce. Wadda fukafukanta ke da faɗi, sun lanƙwasa sun kusa rufe juna, ita ce mai turi. Sannan ya dubi ratar da ke tsakanin bakin fiffike da bangon da ya kewaye shi, domin ta nan iskar da ta ci karo da lagireto ke sulalewa ta dawo baya. A kan wannan 'yar rata Noctua suka shafe shekaru kafin su fitar da NF-A12x25 a 2018, wadda ratarta rabin milimita ce kawai, har sai da suka nemo wata roba ta daban da ba ta miƙewa, don kada fiffiken ya tsawaita da daɗewa ya goga bango. Tana da tsada, kuma ba kowa ke kawo ta nan ba. Kayan irin wannan shago daga Kano suke fitowa, daga Farm Centre ko titin Beirut, su biyo hanyar Babura, wasu kuma ta Maigatari, wasu daga Damagaram. Abin da ya samu a hannu mai dama-dama shi ne P12 ta Arctic, mai fukafukai biyar, juyi 1800 a minti, turi milimita 2.2, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin mai ɗaukar biki ba.

Duk da haka bai yarda da kwali ba, don kasuwa ba ta rasa jabu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya kifa fanka bisa lagireton, ya haɗa ta da batir mai bolt 12, ya riƙe ɗan zare a bayan ganyayyakin. Da ya sa mai fitilu, zaren ya ɗan yi rawa, tafin hannunsa kuma da ya kai gefen fankar ya ji iska tana dawowa. Da ya sa mai fukafukai biyar, zaren ya miƙe. Ya zagaya da shi kusurwa huɗu da tsakiya, yana neman inda iska ba ta kai. Ya kira yaronsa ya ce ya sa hannu shi ma.

"Ka ji bambanci?"

"Na ji, Maigida."

"To kada ka manta da shi."

Maganar gudu kuma tana da nata lissafi. Idan aka ninka juyin fanka sau biyu, iskarta ta ninka biyu, turinta ya ninka huɗu, wutar da take sha kuwa ta kusa ninka takwas, ƙara ma ta tashi. Saboda haka ba ya neman wadda ta fi kowa gudu. Yana neman wadda za ta iya saukowa ƙasa sosai da sanyin safiyar hunturu, lokacin da mai bidiyo ke sauraren sauti yana son shiru, ta kuma iya hawa 1800 ko 2000 da azahar ɗin bazara. Wannan shi ya kai mu ga wayoyi. Fanka mai waya uku ana rage mata gudu ne ta rage ƙarfin wutar da ke zuwa mata, idan aka rage da yawa sai ta tsaya cak. Mai waya huɗu wutarta ba ta sauyawa, wayar ta huɗun ce ke kai mata umarni, a kunna a kashe sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya, gwargwadon tsawon kunnawar gwargwadon gudunta. Mai huɗun yake zaɓa wa lagireto kullum. Ya juya bayan kowace ya karanta wutar da take ja, ya haɗa jimla, domin mahaɗar da ke jikin babban allon kwamfuta yawanci amfiya ɗaya take iya ɗauka. Fitilun nan kuwa ya ce a bar su. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, masu sana'a da yawa suka koyi dogara da sola da batir, kuma wanda ke ƙirga wat ba ya ciyar da ado. Na ga gaskiyarsa.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen boris, abin da fiffike ke juyawa a kansa. Nan kunne ke aiki. Ya kaɗa fiffike da yatsa ya kai kusa da kunnensa, ya girgiza fankar, ya ɗan ja fiffiken gaba da baya ya ji ko yana da wasa. Masu arha sanda ce kawai a cikin kube mai ɗan mai. A ƙasar sanyi sukan daɗe, amma zafinmu na busar da man, ƙura ta shiga ta gauraya da abin da ya rage, sai ka ji fanka ta fara kuka, daga nan ta tsaya. Masu ƙananan ƙwallayen ƙarfe suna jure zafi, sai dai sun fi ƙara. Na uku su ne waɗanda aka kulle mai a cikinsu, juyin da kansa ke matsa man ya ɗauke sandar ba ta goga komai, kuma su ya fi so. Ya ce akwai ma waɗanda aka yi wa masana'antu, masu alamar IP67, da ƙura ba ta shiga injinsu sam, kuma da suna isowa nan cikin sauƙi da su zai riƙa ɗaura wa kowa.

A ƙofar shagon akwai fada, samari a kan benci, buta a kan gawayi. Tun shigata suke wurin, an sha shayi na farko, an sha na biyu, an ɗora na uku. Sau biyu suka kira shi, ya ce yana zuwa. Bai fita ba sai da aka kira salla.

Bayan azahar aka zo ɗauri. Kowace fanka gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin shi ne inda iska ke fita, wasu kuma suna da 'yan kibiyoyi a jiki. Ana iya sa ta gaban lagireto ta tura, ana iya sa ta baya ta zuƙo, kuma wajen sanyaya bambancin kaɗan ne. Shi baya yake sa ta, dalilinsa kuwa na nan ƙasar ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke ƙura mai laushi kamar gari, kuma ƙura a fuskar da iska ke shiga take taruwa. Idan fanka ce a gaba, ƙurar na daskarewa a ƙarƙashinta, sai an kwance noti takwas kafin a kai gare ta, kuma mai kwamfuta ba zai yi ba. Idan fanka na baya, fuskar lagireto a buɗe take, a cire murfi a share da buroshi. Ya san halin mutane, ya tsara aikin yadda ko mai ƙiwa zai iya kula da shi.

Ya kafa lagireton a gaban akwati don ya sha iskar waje tun ba ta ɗumama ba, da raga mai tace ƙura a gabansa. Ya juya shi tiyo na ƙasa, ya tabbatar saman lagireton ya fi famfo tsawo, domin a cikin ruwan akwai 'yar iska da ke neman sama, idan kuwa famfo ne a sama nan za ta taru ya riƙa juyi a bushe. Ya bar iskar da ke shiga akwatin ta ɗan fi mai fita yawa, don kada kowace kafa ta zama mashigar ƙura. Da ya zo kan noti sai ya rage sauri. Ya jera su a tafin hannu ya gwada tsawonsu, saboda noti ɗaya da ya wuce kima zai iya huda bututu, ruwa ya ɗiga bisa allo, a yi asarar dukiya a kan ɗan ƙarfen da bai kai dala ba. Ya ɗaura su kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, yana komawa. Inda ya ga rata tsakanin fanka da lagireto ya liƙa siririn soso.

Gwaji bai yi shi a gurguje ba. Ruwa yana da jinkirin ɗaukar zafi, minti biyar na farko komai zai yi kyau ko da fankar banza ce. Ya sa kwamfutar ta fitar da dogon fim, ya bar ta rabin awa, yana kallon lambar zafi tana hawa. Ta hau, ta hau, ta tsaya, ba ta kai inda ƙwaƙwalwa ke rage gudu ba. Ya buɗe wani tsohon littafi ya rubuta kwanan wata, da zafin ɗaki, da zafin ƙwaƙwalwa, da tazarar da ke tsakaninsu. Tazarar nan ita yake bi, domin zafin ɗaki na sauyawa da lokaci, amma idan tazara ta ƙaru bayan wata uku, ya san ko ƙura ce, ko famfo ya gaji, ko ruwa ya ragu, tunda a hankali yakan tsere ta jikin tiyo, zafi kuma na ƙara masa sauri.

Da mai bidiyo ya zo ɗauka da la'asar, ya tsayar da shi ya nuna masa yadda zai cire raga ya wanke, ya bar ta ta bushe sarai kafin ya mayar, da yadda zai dafe fiffike da yatsa idan yana hura ƙura don kada ya juya fiye da ƙarfinsa. Ya ce ya ɗaga akwatin daga ƙasa ya ɗora a tebur, kada kuma ya manna gabansa da bango.

Kai ma idan za ka aika Kano a sayo maka, auna lagiretonka tukuna. Rubuta wa ɗan aiken faɗin fanka, ka ce mai waya huɗu, mai turin da ya kai milimita biyu ko fiye, mai boris kulle, kuma ya haɗo maka da ɗan buroshi mai laushi kafin hunturu ya shigo.